Boulevard: Yadda Ganuwa Ta Koma Titi, da Darasin da Ke Ciki ga Garin Lafiya

Yau za mu waiwayi tarihin wata kalmar Turanci da ake laƙaba wa titi mai faɗi, wato boulevard. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu saba wa da ita, domin a Yamai akwai babban titin da ake kira Boulevard Mali Béro. A nan Najeriya kuwa mun fi ganin Road da Way da Avenue a jikin alluna, kamar Ahmadu Bello Way a Kaduna ko Independence Avenue a Abuja. Da yawanmu muna ɗauka cewa duk titin da ya yi faɗi, aka raba shi hannu biyu, to ya zama boulevard. Tarihin kalmar ya nuna akwai saura.

Turawan Ingila sun aro kalmar ne daga Faransanci, su kuma Faransawa sun samo ta daga tsohon harshen mutanen Holan, inda take nufin tudun kariya na yaƙi. A taƙaice dai, ganuwa. A shekarar 1670 Sarkin Faransa Louis na 14 ya ba da umarnin rushe tsohuwar ganuwar arewacin birnin Paris, saboda yana ganin birnin ya wuce fargabar hari. A gurbinta aka shimfiɗa hanya mai faɗi, aka jera itatuwa dama da hagu, mutane suka riƙa fita shan iska a kai. Ganuwa ta tafi, amma sunanta ya zauna a kan hanyar. Daga baya, tsakanin 1853 da 1870, wani jami'i mai suna Haussmann ya keta tsofaffin unguwannin Paris da irin waɗannan tituna, sai sunan ya bazu a duniya.

Saboda haka boulevard na gaskiya yana da abubuwa uku: faɗi, da jerin itatuwa masu ba da inuwa, da wurin masu tafiya a ƙasa wanda aka ware musu daban. Idan babu biyun ƙarshe, babbar hanyar mota ce kawai.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Sarkin Kano Gijimasu ne ya fara gina ganuwar Kano a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Duk wanda ya bi titin BUK a yau, zai ga yana tafiya ne a gefen badala, yana wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo. Layin da ganuwa ta bi shi ne titi ya bi, kamar yadda aka yi a Paris.

Mu ma muna da namu sunayen. Gwadabe shi ne hanya mai faɗi da ayari da dabbobi ke bi. Turba ita ce hanyar da sawu ya fitar. Lungu da kwararo na cikin unguwa ne. Titi kuwa masana harshe sun ce daga kalmar street ta Turanci ya fito, ta bakin Yarbawa, kamar yadda kwalta ta fito daga sunan baƙin man da ake shimfiɗawa.

To, ina Lafiya a cikin wannan? Garin da Muhammadu Dunama ya kafa, wanda aka sani da Lafiyar Barebari, ya girma ne da fatauci. A zamanin Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwarsa ta yi suna a yankin Binuwai. Shi ya sa manyan titunanmu ke ɗauke da sunan inda suka nufa: titin Jos, titin Makurɗi, titin Shendam, titin Doma. Gwadabe ne na matafiya da suka koma kwalta. Da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya babban birni, sai nauyi ya ƙaru a kan waɗannan hanyoyi. Gidan Gwamnati yana titin Shendam, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 tana ta titin Makurɗi, ga kuma hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi da aka raba ta zama hannu biyu.

Faɗi kam mun samu, kuma alhamdulillahi. Abin tambaya shi ne sauran biyun. Kowa ya san zafin watan Maris a Lafiya. Ɗalibar da za ta tsallaka titi, da dattijon da zai je masallaci, da mai tallar lemu, duk suna raba kwalta ɗaya da tirela da ɗan acaɓa. Titi idan ya yi faɗi direba yakan ƙara gudu, kuma mai ƙafa ne ke biyan kuɗin.

Turawan mulkin mallaka sun dasa maɗaci da darbejiya a titunan unguwanninsu na Kano da Kaduna, har yau ana shan inuwar waɗanda ba a sare ba. Wanda ya dasa bai zauna ƙarƙashinsu ba.

Shawararmu ita ce, duk lokacin da aka zo da maganar sabon titi, mu tambayi wakilanmu tun aiki yana kan takarda: ina wurin masu ƙafa, ina wurin tsallakawa, itatuwa nawa za a dasa a madadin waɗanda za a sare? Mu kuma masu shaguna da gidaje a bakin titi, kowa ya dasa ɗaya a farkon damina, ya kewaye shi saboda awaki, ya ba shi ruwa da rani. Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.