Likita Mila da Iyalinsa: Baturen da Ya Yi Kaka-Gida a Ƙasar Zazzau

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin mulkin mallaka a Afirka ya san cewa Turawan Ingila kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka zo aiki, wa'adinsu ya cika suka koma gida, akwai kuma 'yan kaka-gida, waɗanda suka mallaki gonaki suka hayayyafa, kamar yadda aka gani a Kenya da Rodeshiya. A Kenya, mutum guda, wato Lord Delamere, an yanka masa fili mai faɗin eka 100,000 a shekarar 1903. Arewacin Nijeriya bai ga irin wannan ba. Dokar ƙasa ta shekarar 1910 ta ɗora filaye duka a hannun Gwamna bisa amanar 'yan ƙasa, ta toshe wa baƙo hanyar mallaka. Abin mamaki, Gwamna Girouard, wanda a zamaninsa aka aza harsashin wannan doka, daga nan Kenya aka tura shi a 1909.

Duk da haka an sami ɗaiɗaikun Turawa da suka zo tun kafin a ci Kano da Sakkwato, suka zauna har ƙasar nan ta rufe musu ido. Fitacce daga cikinsu shi ne Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda mutumin da bai yi aure ba, bai kuma mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, ya bar iyali a ƙasar Hausa.

2.0 Daga Ingila zuwa Girku

An haifi Mila a garin Honiton na ƙasar Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Ba a ƙasar Hausa ya fara jin Hausa ba. Tarabulus ta Libiya aka tura shi, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, a bakinsu ya ɗauki harshen. A can ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda ya fito da niyyar aikin hajji. Wannan yaro ya zama malaminsa na Hausa, daga baya kuma ya zama ɗan fari a gidansa.

A shekarar 1900 Mila ya biyo ayarin Bishop Tugwell, su biyar, suka nufi Kano ba tare da yardar Gwamna Lugga ba. Sarkin Kano Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka dawo ƙasar Zazzau suka sauka a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Sauran suka watse, Mila kaɗai ya nace. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke.

3.0 Gidan Mila a cikin birni

A nan ne halin mutumin ya fito sosai. Turawan gwamnati a bariki suke zaune, nesa da gari, bisa dokar da ta raba su da baƙar fata da sunan kiwon lafiya. Shi kuwa Mila cikin gidan ƙasa ya zauna, yana sa riga da rawani, yana hira da malamai a zaure. Yawancin Razdan-Razdan ba su so haka ba, domin a ganinsu yana zubar da kwarjinin Bature, kuma zamansa ya saɓa wa alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba.

Iyalin nasa ta hanyar riƙo ya tara su. Wasu yaran 'yantattun bayi ne da ba a san inda iyayensu suke ba, wasu marayu, wasu kuma iyayensu ne suka kawo su. Suna kwana a gidansa, suna ci tare da shi, yana koya musu karatu da Turanci da ƙwallo, yana kuma horar da su horo mai tsanani. Waɗansu har suka ɗauki sunansa, shi ya sa ake samun Hausawa masu amsa sunan Miller har yau, kamar shahararren makaɗin nan Bala Miller. Daga danginsa na jini, 'yar'uwarsa Ethel ce ta biyo shi. Ita ma ba ta yi aure ba, ta daɗe a Kano, kuma ƙasidar da ta buga a 1926 tana sukar Musulunci ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, ta jefa gwamnati da mishan cikin tsaka mai wuya.

A shekarar 1913 gidan ya ƙaru ta wata hanya da ba a zata ba. Wasu daga cikin Isawa, wato mabiya Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, suka nemi Mila. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kusa ƙarar da su, sai aka kwaso yaran da suka tsira aka kawo Zariya. Daga waɗannan gidaje biyu, na riƙo da na Gimi, aka sami tushen Kiristocin Hausawa na Zazzau.

Wajibi ne mai nazari ya faɗi gaskiya a nan. Mila ya ƙaunaci talakan Hausa, amma bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga sarautar Fulani ba, kuma burinsa na farko shi ne ya raba mutane da addininsu. Ƙararrakin da ya riƙa kai wa gwamnati suna cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. Wanda ya ba shi masauki, shi ya taimaka aka kora. Mutanen birni ba su manta da wannan ba.

4.0 Mila da harshen Hausa

Masu karatun wannan mujalla sun fi kowa cin gadon Mila, ko sun so ko sun ƙi. Tun a 1901 ya wallafa littafin nahawu mai suna Hausa Notes. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga lamba a yi aikin gwamnati da rubutun boko a bar ajami, shawarar da ta mayar da dubban malamai marasa ilimi a idon hukuma dare ɗaya. Ya so a ba shi makarantar 'ya'yan sarakuna, Lugga ya amince, amma Girouard ya ƙi, aka ba Ɗan Hausa ya buɗe ta a Nasarawa ta Kano a 1909. Babban aikinsa kuwa shi ne jagorancin fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda ta fito cikakkiya a 1932. Daga cikin almajiran makarantarsa aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East.

5.0 Wusasa

A ƙarshe gwamnati da fada suka yi rinjaye. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, bayan ganuwa, aka gina coci da makaranta masu sunan asibitin da Mila ya yi karatu a Landan. Shi kansa bai so wannan ƙaura ba, domin ta rushe abin da ya yi shekara 24 yana ginawa, wato 'ya'yansa su zauna a matsayin Zazzagawa cikin 'yan'uwansu. Ya koma Kano, ya ajiye aikin C.M.S. a 1935, ya tafi Ingila. Zaman can bai karɓe shi ba, ya dawo a 1939.

Wurin da ya ƙi ne ya fitar da sunansa. A Wusasa aka rene R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A makarantarta Ishaya Audu ya yi karatu, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Yakubu Gowon ya tashi, wanda wani titi a unguwar Asokoro ta Abuja yake ɗauke da sunansa.

Mila bai ga yawancin wannan ba. A shekarunsa na ƙarshe rubutu ya fi mayar da hankali a kai, yana caccakar mulkin Turawa ta hannun sarakuna, musamman a littafinsa na 1947 mai tambayar ko Ingila ta gaza a Nijeriya. Ya rasu a Bukuru a shekarar 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.