Zaɓen na'urar tatsar nono ga mata ma'aikata

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF sun ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har tsawon wata 6. Sai dai dokar ƙwadago ta Najeriya makonni 12 ta tanada na hutun haihuwa, da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. Wannan giɓi ne ke sa ma'aikatan banki, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya neman na'urar tatsar nono mai aiki da lantarki.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wuta. Na'urar da sai an jona ta a bango ba ta da amfani a ofishin da ake ɗauke wuta da tsakar rana, komai sunan kamfanin da ya ƙera ta. Wadda ke da batir a cikinta, musamman mai karɓar caji ta USB, ita ce ta fi dacewa. Idan kuma tsaraba ce daga Amurka, a duba rubutun jikin cajar, domin wutar can 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230.

Akwai mai tatsar nono ɗaya, akwai mai tatsar biyu a lokaci guda. Ta biyun ta fi tsada, amma cikin minti 15 zuwa 20 an gama, abin da ke da muhimmanci ga mai hutun rabin sa'a.

Inda mata da dama ke kuskure shi ne mazurarin da ake ɗorawa a kan nono. Yawancin na'urori na zuwa da mai faɗin milimita 24, alhali ba kowace mace ce yake yi wa daidai ba. Idan ya matse, kan nono zai riƙa gogar bango har ya yi rauni. Idan ya yi faɗi, sai ya ja fatar da ke kewaye, nonon kuma ya ƙi fita sosai. Ƙara ƙarfin zuƙa ba ya magance wannan, sai ma ya ƙara zafi. Tatsa ba ta kamata ta yi ciwo ba. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a tambayi mai shago ko yana da mazurari na wasu girma, da ƙananan robobin da ke saurin lalacewa. Kamfanoni irin su Medela, da Spectra, da Philips Avent kowa da nasa kayan, kuma galibi na wannan ba ya shiga na wancan.

Haka kuma a nemi wadda ke da shinge tsakanin kwalba da tiyo, don kada nono ko raɓa su kai ga injin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka na ɗaukar mafi yawan waɗannan na'urori a matsayin na mace ɗaya, don haka sayen na gwanjo ko aro na da haɗari.

Ajiya

Cibiyar CDC ta Amurka ta ce nonon da aka tatsa kan kai sa'o'i 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce maki 25 ba, kwana 4 a firji, sa'o'i 24 a jakar sanyi mai ƙanƙara. A Kano ko Yamai, inda zafi kan haura maki 40 a watan Afrilu, jakar sanyin ta zama dole, kuma ya kamata a haɗa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Idan gidan raino ake kai jaririn, a rubuta sunansa da ranar tatsa a jikin kwalbar. Baya ga batun lafiya, a mazhabar Malikiyya nonon da ya isa cikin jariri, ko da cokali aka ba shi, yana ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa.