Tarihin Kafuwar Kano Pillars da Musibar Asaba

Duk wanda ya zauna a rumfar mai shayi a Gure, a ƙasar Damagaram, ranar da ake wasan ƙwallon ƙafa na Nijeriya, ya ga yadda samari ke dafifi a kan rediyo ɗaya, zai fahimci cewa zumuncin Damagaram da Kano, wanda fatake suka ƙulla tun zamanin ayari, bai tsaya ga fatauci kaɗai ba, domin kuwa da yawa daga cikinsu in an ce "Sai Masu Gida", kirarin Kano Pillars, sukan amsa kamar a Ƙofar Mata aka haife su.

Asalin wannan ƙungiya shi ne, a shekarar 1990, bayan da hasken Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, ya dushe, sai ma'abota al'amarin wasanni a Kano, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Galadima, suka ga maslaha a haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, su zama tsintsiya ɗaya a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Ta daɗe tana fafutuka kafin Allah ya nufe ta da kofin gasar ƙasa a 2008. A shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, abin da ko masoyanta ba su yi zato ba, har ta kai wasan kusa da ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Daga nan sai daularta ta kafu, ta ci gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, filin Sani Abacha kuma ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba.

Amma jarrabawar da ba a mantawa ita ce ta ranar 24 ga Oktoba, 2018, a Asaba, wasan ƙarshe na kofin ƙalubale da Enugu Rangers. Rabi'u Ali ya buɗe ci tun da farko, aka ƙara na biyu, aka dawo hutu aka ƙara na uku, har jama'a suka fara taya juna murna, wasu ma suka tashi salla da natsuwar cewa magana ta ƙare. Cikin kusan rubu'in sa'a na ƙarshe Rangers ta farke ukun duka, sa'an nan ta yi galaba da huɗu da biyu a bugun fenareti. Mutane suka ce ƙaddara ce, kuma haƙiƙa babu mai ja da ƙaddara. Sai dai a ganina sababinta na zahiri shi ne sakaci, gama 'yan wasa sun ɗauka sun gama aiki alhali alƙali bai busa ba. Shekara ɗaya bayan haka suka rama wa kansu a Kaduna, suka doke Niger Tornadoes a fenareti, kofin ya koma Kano karo na farko tun 1953.

Cutar da ta fi ta Asaba tsanani ta fito ne daga cikin gida. Ƙungiyar da abincinta ke hannun hukuma takan yi ƙiba ko ta rame gwargwadon himmar mai mulki, magoya baya kuma, waɗanda su ne ƙarfinta, zafin ransu ya jawo mata tara da ragin maki, har ta faɗi daga babban rukuni a 2022. Ta dawo a 2023, kuma a 2025 aka damƙa ragamar gudanar da ita ga Ahmed Musa, wanda a wannan ƙungiya ya yi suna da ƙwallaye 18 kafin ya tafi Turai, ya kuma san ciwon ɗan wasan da albashinsa ya makara.