Tarihin Ra'ayin Sakar wa Kasuwa Mara a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Ra'ayin sakar wa kasuwa mara shi ne fahimtar masana tattalin arziki da ke ganin ya kamata gwamnati ta rage tsoma baki a harkar saye da sayarwa, ta janye tallafi, ta sassauta haraji, ta bar farashi ya nuna wa jama'a abin da za su noma da abin da za su saya. Friedrich Hayek da Milton Friedman na cikin manyan masu wannan fahimta, kuma ta samu gindin zama a Ingila lokacin Margaret Thatcher daga 1979, da Amurka lokacin Ronald Reagan daga 1981. A yankin Kura da Bunkure da Garun Malam na jihar Kano, ra'ayin ya iso ne ta farashin buhun taki da kuɗin ruwa da kuɗin magani. Ya tarar da yankin da kusan duk arzikinsa ya dogara da ruwan da gwamnati ta tare, shi ya sa bai taɓa yin cikakken iko ba, kuma ba a taɓa korarsa gaba ɗaya ba.

Zamanin gwamnati mai yin komai

Gwamnatin jihar Kano ta Audu Bako ce ta gina madatsar Bagauda, sannan ta gina ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya jigata ƙasashen Sahel kuma kuɗin man fetur suka fara kwararowa. Daga Tiga ruwa ke gangarowa da kansa, ba tare da inji ba, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rabu cikin manyan magudanai har zuwa gonaki. An tsara kashi na farko na aikin noman rani na kogin Kano ya shayar da hekta 22,000, kuma a Kadawa aka fara gwaji. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya.

A wancan lokaci hukuma ce ke baje ƙasa, ta mayar wa masu gona, ta kawo tarakta, ta ba da iri da taki cikin rahusa, ta kuma matsa a shuka alkama don rage shigo da ita daga waje. Kuɗin ruwan da manomi ke biya bai taka kara ya karya ba. Tun a lokacin manazarta suka fara suka. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa masu hali da masu hanya a ofis ne suka fi cin moriyar taki da tarakta, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa sai ya ba da hayar gonarsa ya koma ƙwadago. A 1981 Bankin Duniya ya fitar da rahoton Elliot Berg, wanda ya ɗora laifin koma-bayan noman Afirka a kan hukumomin gwamnati da farashin da suke ƙayyadewa.

Shirin SAP da janyewar hukuma

Da farashin mai ya faɗi, Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, gwamnati ta ce ta fasa, amma a 1986 ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP wanda ya ƙunshi galibin sharuɗɗan bashin. An karya darajar naira, an rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka kama hanyar cefanar da kamfanonin gwamnati. Wata doka ta 1987 ta taƙaita aikin hukumomin koguna ga samar da ruwa, ta cire hannunsu daga noma da rabon kayan aiki, aka sayar da taraktoci da sauran kadarori.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Manomi ya samu 'yancin shuka abin da kasuwa ke so, tumatir da albasa da masara da shinkafa suka mamaye wuraren da aka tanada don alkama. Garin Kura ya cika da injinan casar shinkafa da mata masu turara shanshera, kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya ta zama matattarar dillalan tumatir masu lodi zuwa Legas. A ɗaya ɓangaren kuma kuɗin gyara ya ƙafe. Yashi da ciyawa suka toshe magudanai, ƙofofin ruwa suka lalace. Manomin da gonarsa ke kusa da bakin magudana yakan shayar da fangalinsa har ruwa ya yi ambaliya, na can ƙarshen layi kuwa sai ya kwana a gona yana jiran ruwan dare, ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayi injin ban ruwa.

Abin lura shi ne, ribar da manoman yankin suka fi tunawa da ita a wannan zamani ta fito ne daga matakan da suka saɓa wa ra'ayin. An hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, farashinsu ya tashi, noman alkama ya yi kasuwa a Kano. Da aka ɗage haramcin alkama a 1992, sai noman ya ja baya. Tallafin taki ma haka ya yi ta kai da komowa: an janye shi a 1997, aka maido da wani kaso a 1999, aka koma rabonsa ta wayar salula a 2012.

Haraji

A Kano, soke haraji ya fito ne daga 'yan gwagwarmayar talakawa. Jam'iyyar NEPU ta daɗe tana yaƙi da haraji da jangali saboda cin zarafin da ake yi wajen karɓarsu, kuma Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke su da hawansa kujerar gwamna a 1979. Harajin VAT ya fara aiki a 1994 da kashi 5 cikin ɗari, ya koma 7.5 a 2020, amma kayan abinci na yau da kullum ba sa ciki. Koken manoma da direbobi ya fi karkata ga rasit-rasit da shingayen hanya. Tumatir ba ya jira, duk awar da mota ta ɓata a shinge asara ce da dillali ke cirewa daga kuɗin kwando tun a Kwanar Gafan. A nan bakin masu ra'ayin kasuwa da na manoma ya zo ɗaya.

Ilimi da lafiya

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyukan yankin. Bayan 1986 albashin malamai ya riƙa makalewa, aka ɗora wa iyaye ƙananan kuɗaɗe, makarantun kuɗi da Islamiyyun da al'umma ke ɗauke da su suka yawaita. Masu goyon bayan kasuwa na kafa hujja da wannan, suna cewa iyaye na biya idan sun ga karatu. Masu adawa na cewa yaron da ake buƙata wajen dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, kuɗi kaɗan ya isa ya raba shi da aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, da shelar ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin Kano ta yi a 2019, da dokar ta-ɓaci kan ilimi ta 2024, duk sun nuna inda siyasar jihar ta karkata.

A fannin lafiya, shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin sayar da magani a ƙananan asibitoci don a riƙa juya kuɗin. Inda aka kasa riƙe asusun, marasa lafiya sun koma kemis. Ruwan da ke kwance a magudanai shekara zagaye yana raya sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, wadda yara masu wanka a magudana suka fi kamuwa da ita. Feshi da yashe magudana aiki ne da kowa ke amfana amma babu mai son biya shi kaɗai, kuma ko masu ra'ayin kasuwa sun yarda irin wannan na hukuma ne. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya.

Ruwa, yanayi da farashi

Hujja mafi ƙarfi ta masu ra'ayin kasuwa a yankin ita ce ta farashin ruwa: abin da aka samu a arha ba a tattalinsa. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin ruwa a aikin kogin Kano da amfaninsa a fadamar Haɗeja da Nguru, suka gano cewa noma da su da itacen da fadamar ke samarwa sun fi riba nesa ba kusa ba a kan kowane ma'aunin ruwa. Madatsar Tiga da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da bashin kimanin dala miliyan 495, ya gyara magudanan yankin bisa sharaɗin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna kula da ƙananan magudanai. Janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, masu hali suka fara komawa injin mai amfani da hasken rana, marasa hali suka rage faɗin gona.

Shekarun baya-bayan nan

Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ya zama zakaran gwajin dafi. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, daga baya kuma kamfanin ya yi ta tsayawa saboda manoma na kai kayansu kasuwa duk lokacin da farashin can ya fi na kamfani. Gwamnati ta ƙara kuɗin fito kan tumatirin waje a 2017. Bashin manoma na Babban Banki daga 2015 da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 sun bunƙasa shinkafa 'yar gida, yayin da sassaucin kuɗin fito na 2024 ya faranta wa masu saye, ya tayar da hankalin masu noma.

Har yanzu muhawarar na kan tambayoyi uku: nawa ya kamata manomi ya biya kuɗin ruwa, wa zai ɗauki nauyin gyaran madatsa da manyan magudanai, kuma har yaushe za a kare shinkafa da tumatirin gida daga na waje. Galibin ƙungiyoyin manoman yankin na neman a bar su su sayar a farashin kasuwa, a kuma ci gaba da tallafa musu da taki da kariyar iyaka, kuma gwamnatocin da suka biyo bayan 1986 sun yi ta sauya matsayi tsakanin waɗannan buƙatu biyu gwargwadon kuɗin da ke baitulmali da tsadar abinci a birane.