Ƙwallon kwando: yaushe ake hana taɓa ƙwallo a bakin zobe?

A dokokin FIBA, waɗanda ake bi a AfroBasket, sashe na 31 ne ya yi bayanin katsalandan a kan kwando. Da zarar ƙwallo ta bugi zobe, kowa na iya doke ta ko ya dunguro ta ciki. A NBA ta Amurka an haramta haka muddin tana kan zoben ko a samansa, shi ya sa masu bin wasannin can a telebijin kan yi ihun an yi laifi alhali babu.

Sai dai wannan dama tana faɗuwa idan alƙalin wasa ya busa usur, ko ƙararrawar ƙarshen zango ta kaɗa, ƙwallo tana iska. Daga nan ba mai taɓa ta, ko da ta bugi zobe, matuƙar akwai yiwuwar ta shiga. A nan aka fi samun gardama.

Zura hannu ta ƙarƙashin raga a taɓa ƙwallo laifi ne, ko da miƙa ta aka yi, ba jifa ba. Girgiza kwando kuwa, alƙali ne zai auna ko girgizar ce ta hana ta shiga, ko ita ta shigar da ita.

Idan mai tsaro ya yi laifin, ana ba abokan hamayya makin jifar: 1, 2 ko 3. Idan mai kai hari ne, ba maki, ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren.