Ciwon fargaba da bugun zuciya: yadda ake gane shi da magungunan da likitoci ke bayarwa

Ciwon fargaba na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi yawa a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a shekarar 2019, kuma kusan mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu ke samun magani. Mata sun fi maza kamuwa.

Faɗuwar gaba a lokacin jarrabawa ko jin mummunan labari ba cuta ba ce. Ana kiran abin ciwo ne idan tsoro da zullumi suka zarce kima, suka daɗe, har suka hana mutum barci, aiki ko shiga cikin jama'a.

Abin da ya fi kai masu wannan larura asibiti shi ne bugun zuciya. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko da babu shi, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yi sama, gumi ya karyo, hannuwa su yi rawa. Zuciyar babban mutum da ke zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, amma a lokacin firgici takan haura haka. Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya lafa. Mai shi yakan ɗauka ajali ne ya zo, wannan tsoron kuma ya ƙara wa zuciyar gudu. A gidaje da dama akan danganta hakan da iska ko sammu, abin da ke jawo jinkirin zuwa asibiti.

Sai dai ba kowane bugun zuciya ba ne fargaba. Ƙarancin jini, yawan aikin ƙwayar maƙoƙo, zazzaɓi, da ciwon zuciya kansa duk suna haddasa shi, haka ma yawan cin goro, shan kofi da lemukan ƙara kuzari. Shi ya sa likita ke fara auna hawan jini, ya yi gwajin jini da na bugun zuciya da ake kira ECG. Bugun da ya zo da ciwon ƙirji, suma ko kumburin ƙafafu yana buƙatar asibiti nan take, musamman ga mai jego, domin raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya.

Idan an tabbatar fargaba ce, magungunan da ake farawa da su su ne irin sataralin, fuluzetin da esitaloparam, masu aiki a kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa. Suna buƙatar haƙuri: sai an yi makonni biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma a kwanakin farko tashin zuciya ko ƙaruwar fargabar na iya bayyana. Nan ne da yawa ke jefar da maganin, alhali bai fara aiki ba. Bayan samun sauƙi akan ci gaba da sha na wata shida zuwa shekara, kuma a hankali ake rage shi, ba a yanke shi lokaci guda.

Furofaranolol yana rage saurin zuciya da rawar jiki, amma ba ya taɓa tunanin da ke haddasa su, kuma yana da haɗari ga mai asma.

Inda matsalar ta fi girma shi ne magunguna irin su Valium da Lexotan, waɗanda wasu ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Suna kwantar da hankali cikin ɗan lokaci, wanda shi ne tarkonsu, domin jiki na sabawa da su har mutum ya kasa rabuwa da su. Ƙa'ida ita ce kada shansu ya wuce makonni biyu zuwa huɗu. Haɗa su da giya, taramol ko kodin na iya tsayar da numfashi, kuma wanda ya daɗe yana sha idan ya daina farat ɗaya yana iya yin jijjiga.

Zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa majinyaci gane tunanin da ke tayar masa da hankali da yadda zai fuskance shi, yana da tasiri kwatankwacin na ƙwayoyi. Ana samun wannan kulawa a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri, Kware a Sakkwato, Yaba a Legas da Aro a Abeokuta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa masu irin wannan larura wariya.