Raba gida zuwa sassa: yadda ake yi a Gandi da kewaye

Sashe, ko sassa a jam'i, ɓangare ne na gida da iyali guda ke zama a cikinsa, da ɗakinsu da madafarsu. A Gandi da ke ƙaramar hukumar Rabah, da Wurno da Goronyo, rabon gado ne ya saba haifar da shi. Yanzu gudun hijira ya ƙaru a kai. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni a watan Yulin 2018, Gandi ke karɓar waɗanda 'yan bindiga suka raba da muhallinsu, kuma ba kowa ke zama a sansani ba. Wasu dangi suka tsaga wa wuri a cikin gida.

Gidan cikin gari yakan zama siriri: zaure ɗaya a bakin hanya, ɗakuna a jere zuwa ciki. Saboda haka magini mai hankali da hanyar wucewa yake farawa. Yakan bar lungu a gefe guda, kowane sashe ya buɗe ƙofarsa a ciki, don kada baƙo ya ratsa tsakar gidan matan wani. Katangar bulo ba ta cin wuri kamar ta tubali, alkuki a jikin bango kuma yana maye gurbin kabad. Ɗora bene a kan tsohon ginin ƙasa ganganci ne, sai in an sake tushe.

Inda aikin ke lalacewa shi ne ruwa. Indararon wani ya zuba a ɗakin wani, ko a haƙa masai kusa da rijiya, alhali tazarar da masana lafiya suka fi ambata ita ce kimanin mita 30. Siririn gida ba shi da wannan filin.

Akwai kuma shari'a. A mazhabar Malikiyya, magajin da ke tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan'uwansa idan an sayar wa bare. Da zarar an raba an ja iyaka, haƙƙin ya faɗi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ɗan gudun hijirar da aka tsaga wa sashe da baki kawai ba ya cikin ko ɗaya, komai daɗewarsa a gidan.